Shirun Bazawara

Jikokina sun samo wani akwatin majigi, irin wanda ake zura wa kaset ya riƙa nuna mutane suna kai da komo. Ran nan bayan la'asar suka jawo shi rumfar tsakar gida, nan Gumel inda nake zaune wurin ɗana, suka ce lallai sai na fito na gani, wai wani tsohon fim ne na mutanen ƙetare, mai baƙi da fari. Ni ba yarensu nake ji ba, idona ma ya fara gajiya, amma ban daɗe a kan tabarma ba na gane inda aka dosa. Wani mutum ne da wata mata, kowannensu yana zaune shi kaɗai kamar an manta da shi a duniya, suna son juna, kunya kuma ta ɗaure musu harshe. Shi ya buɗe baki ya rufe, ita ta sunkuyar da kai tana murza yatsu. Yaran nan suka cika gida da ihu: "Kai, ka faɗa mata mana!" Wata jikata da ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba ta ce wallahi da ita ce da tuni ta yi gaba. Haushi ya kama ni, na ce su rufe mini baki ko in sa a kashe abin. Suka yi ta dariya, wai Kaka ta kamu. Ba kamuwa na yi ba. Abin da suke yi wa dariya na san nauyinsa, don na taɓa ɗaukar sa a kaina.

Ƙauyen da na tashi yana kusa da Ɗanzomo. Yanzu ko ka je babu abin da za ka tarar sai kukoki da tsohuwar rijiya da aka rufe da ƙaya. Mutanen sun watse, wasu nan Gumel, wasu Maigatari wurin hada-hadar manyan motoci. A zamaninmu ba zakara ke tashin mutum ba, taɓarya ce. Tun gari bai gama wayewa ba mata ke fara daka, wannan gida ya buga wancan ya amsa, har kana iya gane wace ce a kan turmi daga jin lugudenta. Daga nan sai kukan igiya a bakin rijiya, don rijiyarmu zurfi gare ta, in ka leƙa da ƙyar kake hango ƙyallin ruwan. Fulani su zo da shanu su tsaya gefe har a gama ɗiba, matansu su shigo gida-gida da ƙoren nono a musanya musu da gero. Da rani raƙuma masu kanwa su wuce daga arewa, mu leƙa ta danga muna kallon mutanen da suka naɗe fuska sai ido. Yau injin niƙa ya kashe lugude, famfo ya kashe igiya, rediyo kuma ba ya barin kunne ya huta. Ba na cewa da ta fi daɗi, kantar hannuna ta shaida wahala ce. Amma a da ana barin mutum da shirunsa, ba a ɗauke shi marar lafiya.

Ni kuwa shiru ne halina tun ina ƙarama. Wanda ya san ni yanzu, da bakin nan nawa da ba ya ƙyale kowa, ba zai yarda ba. Iyayenmu sun rasu a shekarun yunwa, Yayana Mamman ne ya riƙe ni, shi ne uwa shi ne uba. In ya tambaye ni abu, da kai nake amsawa. Ban taɓa shiga tsakiyar gaɗa ba, a bakin fili nake tsayawa ina tafi a hankali. Ciwon agana kuma ya bar mini zanzana a fuska, sai na ƙara samun dalilin jan mayafi. An yi mini auren fari da wani mutumin kirki a ƙauyen da ke gaba da mu, ban ko gama sabawa da gidan ba wata mura mai zafi ta bi gari-gari tana ɗauke mutane, ta haɗa da shi. Na yi takaba na dawo gidan Yaya, ga ni yarinya, ga ni bazawara, babu ɗa babu goyo. Matar Yaya, Hansai, ba ta taɓa ɓata mini ba, sai dai ita Allah ya yi ta da surutu, in ta fara tun safe ba ta buƙatar mai amsa mata. Ina zaune cikin mutane, amma kaɗaici ya yi mini yawa, kuma ban san wanda zan gaya wa ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne kaɗi. A lokacin babu atamfar kanti a ƙauye, duk abin da za ka sa a jiki daga hannun mata ya faro. A gurje auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta ta yi laushi, sannan ki ɗauki mazari, ki dangwali alli a yatsa, ki murza. Mata suna taruwa su yi kaɗi suna hira, zarensu ya fito nan kauri nan siriri, gwargwadon daɗin gulmar. Ni da ba ni da abin faɗa, nawa yakan fito sumul daga farko har ƙarshe. Wannan kam ina alfahari da shi har gobe: a ƙauyen nan babu macen da ta kama ƙafata a zare. Wata tsohuwar dillaliya, Iya Gambo, ita ke zagayawa ta karɓi zaren mata ta kai wa masaƙa. Wata rana ta shigo tana dariya ta ce mini, "Ke 'yar nan, akwai wanda ya ce in ba naki ba ne kada in ƙara kai masa. Ya ce da hannu yake gane shi ko ya rufe ido." Na tambaye ta da ido. Ta ce, "Wa kuwa, in ba mai i'inar nan na gindin tsamiya ba?"

Sunansa ba zan faɗa ba. Ban faɗe shi yana da rai ba, ba kuma zan fara yanzu don 'yan zamani sun mayar da sunan miji kamar sunan akuya ba. Masaƙi ne, rumfarsa tana can ƙarshen gari ta gabas. Ya girme ni sosai, kuma bai taɓa aure ba, don i'ina gare shi mai tsanani. In kalma ta maƙale masa sai jijiyar wuyansa ta tashi, yara su taru suna kwaikwayonsa, shi ya sa ya daina magana sai ta zama dole. Na san shi tun wani azumi da samari suka kama shi a tashe, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya isa aure bai yi ba. Suka ɗaura masa igiya, suka rataya masa tsummoki, suna zagaya gari da shi da yamma ana kiɗa. Kowa na dariya. Da suka zo ƙofar gidanmu ya ɗago kai, muka haɗa ido, ya ga ni ban yi dariya ba. Ni ma na ga bai yi fushi ba, kunya ce kawai take cin sa, irin wadda na sani. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan.

To, bayan maganar Iya Gambo sai wani abu ya fara faruwa. Masaƙi kafin ya hau saƙa sai ya yi wadari, wato ya kafa turaku a fili mai tsawo, ya riƙa tafiya da zare daga wannan turke zuwa wancan yana dawowa, har ya tara abin da zai isa. Filin wadari yana nan kusa da rumfarsa, shimfiɗe, babu ko ƙaya. Amma sai mutumin nan ya ɗauko turakunsa ya ratso gari gaba ɗaya, ya zo ya kafa su a lungun bayan dangarmu, inda awaki ke bi. Hansai ta leƙa ta ce, "Oho, wannan bawan Allah ko filinsa aljanu sun ƙwace ne?" Ni dai na janye tabarmata daga gindin rumbu na mayar da ita jikin danga. Yana tafiya yana dawowa, ina ganin ƙafafunsa ta ramukan kara, ina murza mazari. In ya zo daidai inda nake sai ya rage sauri. In zarensa ya tsinke, a nan yake tsinkewa, ya daɗe yana ƙullawa. Haka muka cinye rani guda. 'Yan matan yanzu su tsaya da saurayi a ƙofar gida su yi ta zuba kamar an kunna rediyo, gobe ka ji sun rabu. Mu danga ce a tsakaninmu, ko tari ba mu yi wa juna ba, amma duk ranar da bai zo ba tuwo ba ya shiga mini.

Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya zo zance. Da yamma ne, ya yi sallama a zaure ya ce yana son ganin mai zare. Hansai ta tura ni da ƙarfi har na kusa faɗuwa. Na durƙusa a bakin ƙofa na ba shi gefe. Ya gaishe ni, na amsa a ciki. Ya tambayi gajiya. Ya tambayi mutanen gida. Ya tambayi zafi. Da gaisuwar ta ƙare sai ya sake ɗauko ta daga farko, ya sake tambayar gajiya. Sannan ya ja numfashi ya ce, "Na... na... na..." Na ƙura wa ƙasa ido ina roƙon Allah ya kwance masa harshe. Ya daɗe yana fama, gumi ya jiƙa masa hula. A ƙarshe ya ce, "Na gode da zare." Ya sa takalmansa ya fita. Hansai da ke laɓe a bayan zana ta je ta gaya wa Yaya cewa babu wata magana, cinikin zare ne kawai ya kawo shi.

Kuskuren ke nan da ya kusa raba mu. Yaya ya daɗe yana son ya tashi daga ƙauyen, rijiya tana ƙara zurfi, gona ta gaji, abokansa kuma sun samu sabuwar ƙasa wajen Gagarawa inda gyaɗa ke yi. Abin da ya tsayar da shi ni ce, yana jira ya ga ko wani zai fito. Da ya ji zare ne kawai, sai ya ce bayan kaka za mu tashi gaba ɗaya. A wancan zamani Gagarawa ba nan kusa ba ce kamar yanzu da babur ke kai mutum ya dawo kafin tuwo ya huce. In ka tafi ka tafi ke nan. Aka yi girbi, aka sussuke gero aka ɗura a taiki, aka fara kwance jinka. Ina gani ana haɗa ƙorena da tabarmata cikin kaya, ban iya cewa uffan ba. Ina shiga bayan rumbu in yi kukana in share ido in fito.

Iya Gambo ce ta kama ni a can. Ta dube ni ta dubi turakun da ke bayan danga, ta riƙe haɓa ta ce, "La ilaha illallahu! Kurame biyu za su kashe kansu ina kallo." Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗaura gyale ta nufi gindin tsamiya ta ce masa, "Gobe za a tafi da ita. In kana da baki, yau ne ranarsa." An ce ya miƙe da ƙoshiyar saƙa a hannu, ya manta bai ajiye ba, ya tafi wurin baffansa. An ce tun azahar yake fama da maganar, sai da aka kira la'asar baffan ya gane aure yake so a nema masa.

Washegari da hantsi baffan ya zo da goro da wani dattijo. Jakuna suna ɗaure a ƙofar gida, rabin kaya a waje. Yaya ya karɓe su da mutunci, amma ina jin sa daga ciki yana cewa, "Baffa, ba ƙin ku nake ba. Yarinyar nan amana ce a hannuna. In bar ta a garin da ba ta da kowa, ita ba ta magana, shi ba ya magana, in wani abu ya same ta wa zai gaya mini? Kuma ni ban ga alamar tana so ba. Ko kallonsa ba ta yi." Baffan ya ce to a tambaye ta. Aka aika aka kira liman, wani tsoho tukuf da kunnensa ya yi nauyi, sai an matsa kusa an ɗaga murya yake ji.

Aka kira ni. Na zo na durƙusa a bayan zanan zaure, na lulluɓe har ƙafa, Hansai a gefena. Liman ya ce, "'Yata, ga wane ɗan wane yana neman aurenki. Kin yarda?" Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Maza ne cike da zaure, ga Yaya, ni da ban taɓa haɗa kalma uku a gabansa ba. Baffan ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah gafarta Malam, ai ta yi shiru, ta yarda ke nan." Liman ya girgiza kai ya ce, "A'a. Wannan hukuncin budurwa ne. Budurwa in ta yi shiru an san kunya ce, sai a ɗaura. Bazawara kuwa ita ke da kanta, sai ta faɗa da bakinta shaidu sun ji. Ba na ɗaura aure a kan shirun bazawara." Sau da yawa na ga an yi wa 'yan mata wannan tambaya sun rufe fuska an shafa fatiha, ni ma haka aka yi mini a auren fari, a kan haka na dogara. Ashe takabar da na yi ta ƙwace mini wannan mafaka.

Ya sake tambaya. Na tattara duk ƙarfina na ce, "Na yarda." Ni na ji, Hansai ta ji, amma ko kazar da ke kiwo a gabanmu ba ta ɗaga kai ba. Hansai ta yi tsalle ta ce, "Ta faɗa! Wallahi ta faɗa!" Liman ya kara hannu a kunne ya ce, "Me aka ce?" Aka gaya masa. Ya ce, "Ke ba ke ake nema ba. Ni ban ji ba, shaidu ba su ji ba. Ba a ara wa bazawara baki." Na ji Yaya ya sauke numfashi, ba na jin daɗi ba, na tausayi. Ya ce, "Ku yi haƙuri, kada a matsa mata. Na san ƙanwata, in ba ta son abu haka take yi." Na ji ana karkaɗe riguna, ana laluben takalma. Yaya ya leƙa waje ya ce a fara ɗaura wa jakuna kaya tun rana ba ta yi zafi ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai tuna na yaye mayafin daga fuskata, da zanzanar da komai, na ɗaga zanan na tsaya a gaban mazan nan. Mutumin da bai saba magana ba bai san awon murya ba. Na yi niyyar in faɗa yadda liman zai ji, sai abin ya fito kamar mai kiran wani daga ƙarshen gona:

"INA SON SA! NA YARDA! BA ZAN JE GAGARAWA BA!"

Kaji suka watse. Jaki ɗaya ya fizge igiya. Matan da ke bakin rijiya sun ce sun saki guga sun juyo, suna zaton gobara ce. Dattijon da ya rako baffa goro ya faɗo masa daga baki. Liman kuwa ya gyara zama ya ce, "To, wannan kam na ji." Sai zauren ya fashe da dariya, ni kuma na durƙusa a wurin na ja mayafi na rufe fuska. An yi shekaru ana ba da labarin nan a ƙauyukanmu, wasu suna cewa rashin kunya ne. Su faɗa. Mata nawa aka aurar a garin nan da kai a sunkuye, ba wanda ya san abin da ke ransu har suka mutu? Ni an san nawa. Wannan rana ita ce abin da na fi alfahari da shi a duk rayuwata, har fiye da zaren.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Yaya. Ya daɗe yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Sannan ya tashi ya fita, da hannunsa ya kwance ƙorena da tabarmata da mazarina daga cikin kaya, ya shigo da su ya ajiye a gabana. Ya ɗaga tafiyar har aka ɗaura aure aka kai ni gidan gindin tsamiya. Ranar da za su tashi na rako su har bayan gari, maigidan yana biye da mu daga nesa, kunyar suruki ta hana shi matsowa. Hansai tana kuka tana surutu a lokaci guda. Yaya ya tsayar da jakinsa, ya juyo, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Tun kina goye nake riƙe da ke, ban san kina da murya haka ba." Na sunkuyar da kai. Ya dubi maigidan can nesa, ya sake dubana ya ce, "In ya ɓata miki, kada ki wahalar da kanki neman ɗan aike. Ki fito ƙofar gida ki kira ni. Zan ji daga Gagarawa."

Na zauna da mutumin nan har gemunsa ya yi fari fat, na haifa masa 'ya'ya, na rufe masa ido da hannuna. Ban taɓa kiran Yaya ba.